An Sayar da NEPA, Ina Kasuwar Wutar da Aka Yi Alkawari?

A ƙarshen watan Oktoban 2024, duhu ya lulluɓe mafi yawan jihohin Arewacin Najeriya. Babban layin da ke ɗauko wuta daga Shiroro ya kawo ta Kaduna dama ya riga ya lalace, an kayar da turakunsa a wani daji inda injiniyoyi ba sa iya shiga gyara sai da rakiyar jami'an tsaro. Ana cikin haka sai ɗaya layin da aka dogara da shi, wanda ya taso daga Ugwuaji a Jihar Inugu, ya ratsa ta Apir kusa da Makurɗi ya nufi Jos, shi ma ya katse. Kano, Katsina, Jigawa, Bauchi, Gombe, Adamawa da wasu maƙwabtansu suka zauna sama da mako guda kusan babu ƙyallin wuta. Masu niƙa da masu walda da masu ƙanƙara suka koma kan janareta, wanda bai da kuɗin mai ya rufe shago, asibitoci suka riƙa ƙirga awannin da za su iya kunna inji.

Kwanaki kaɗan bayan haka, ranar 1 ga Nuwamba, aka cika shekara 11 da miƙa kamfanonin wutar lantarki ga 'yan kasuwa. Abin da aka faɗa wa jama'a a 2013 ba ɓoyayye ba ne: gwamnati za ta janye hannunta, masu jari su zuba kuɗi, kamfanoni su riƙa gasa a tsakaninsu, wuta ta wadata, mai saye ya samu daraja. To amma a wancan mako na duhu, babu masana'anta ɗaya a Sharaɗa ko Bompai, balle magidanci a Fagge, da ya iya cewa tunda wannan kamfani ya gaza bari in koma wurin wancan. Babu wancan. Wannan shi ne taƙaitaccen halin da gyaran fannin lantarki yake ciki a ƙasar nan: an raba NEPA, an sayar da gutsattsarinta, amma kasuwar da aka ce za ta maye gurbinta ba ta tsaya da ƙafarta ba har yau.

Yadda aka yanka giwar

Hukumar NEPA ta samu ne a 1972, lokacin da gwamnatin soja ta haɗe hukumar lantarki ta ECN da hukumar kula da madatsun ruwan Neja, wadda ta gina Kainji. Daga nan komai ya koma hannu ɗaya. NEPA ce ke samar da wuta, ita ke ɗaukar ta a manyan layuka, ita ke rarraba ta, ita ke rubuta bil, kuma idan ka yi ƙorafi ita ce alƙalin. An ƙara Jebba a 1985, Shiroro a 1990, ga kuma babbar tashar Egbin a Legas. Bayan haka aka shafe kusan shekara goma ba wani sabon gini na kirki, injinan da ake da su suna tsufa ba gyara, jama'a kuwa na ta ƙaruwa. Lokacin da aka dawo mulkin farar hula a 1999, abin da ƙasa baki ɗaya ke samu bai kai megawat 2,000 ba.

Gwamnatin Olusegun Obasanjo ta fitar da manufar lantarki ta ƙasa a 2001, sannan a watan Maris na 2005 aka sa hannu kan dokar gyaran fannin. Dokar ta rushe NEPA, ta kafa PHCN a matsayin riƙon ƙwarya, ta kuma tsaga ta gida 18: kamfanoni shida na samar da wuta, ɗaya na dakonta a manyan layuka wato TCN, da 11 na rarrabawa. Aka kafa hukumar NERC don ta zama alƙalin wasa, ta ba da lasisi, ta tsayar da farashi. Aikin ya yi sanyi a zamanin Umaru Musa 'Yar'aduwa, sai Goodluck Jonathan ya farfaɗo da shi a watan Agustan 2010. A shekarar ne aka kafa NBET, kamfanin gwamnati da zai tsaya a tsakiya, ya sayi wuta a sari daga masu samarwa ya sayar wa masu rarrabawa, har zuwa ranar da ɓangarorin biyu za su iya ciniki kai tsaye.

A cinikin 2013 an sayar da kashi 60 cikin 100 na kowane kamfanin rarrabawa, gwamnati ta riƙe 40. Tashoshin ruwa na Kainji da Jebba da Shiroro haya aka ba da su na tsawon shekaru, ba a sayar ba. TCN ya ci gaba da zama na gwamnati, sai dai an ɗauko kamfanin Manitoba Hydro na Kanada ya tafiyar da shi daga 2012 zuwa 2016. Kuɗin da aka samu sun kai kimanin dala biliyan 2.5, kuma kaso mai tsoka ya tafi ne wajen sallamar dubban ma'aikatan PHCN. Wato kuɗin cinikin ba su shiga cikin waya ko taransfoma ba.

Wayar salula ta ruɗe mu

Mutane da yawa, har da masu mulki, sun ɗauka abin da ya faru da wayar tarho shi zai faru da wuta. A farkon 2001, kamfanin tarho na gwamnati, NITEL, na da layuka kimanin 400,000 a ƙasa mai mutum sama da miliyan 100. Aka yi gwanjon lasisin GSM, cikin 'yan shekaru waya ta shiga aljihun mai shayi da mai faci. Amma sirrin wannan nasara shi ne kowane kamfani ya kafa nasa turken sadarwa, wanda ransa ya ɓaci da wani layi sai ya cire ya sa wani, kuma kowa sai ya sayi kati kafin ya yi kira.

Wutar lantarki ba haka take ba. Ba za a ja waya uku a lungu ɗaya don kamfanoni uku su yi gasa ba, asarar dukiya ce. Saboda haka manyan layuka da wayoyin cikin gari, ko a ina ne a duniya, kamfani ɗaya ke riƙe da su a kowane yanki, sai hukuma ta sa masa ido. Inda gasa ke yiwuwa wuri biyu ne: a wajen samarwa, inda tashoshi ke rige-rigen sayar da wuta mafi araha, da kuma a wajen sayar wa mai amfani, inda kamfanoni ke biyan kuɗin bin waya ɗaya su kai wa abokan cinikinsu. Ƙasar Chile ta fara wannan tsari a 1982, Birtaniya ta bi a 1990, kuma kafin ƙarshen 1999 magidanci a Ingila yana iya sauya mai sayar masa da wuta ba tare da an taɓa wayar gidansa ba. Sai dai Birtaniya ta shiga gyaran ne tana da wuta fiye da buƙatarta, kowane gida da mitarsa, kowa kuma yana biyan bil. Gasa a can ta zo ne don a rage tsada. Najeriya ta ɗauko tsarin alhali tana fama da ƙarancin wutar ma kanta, ga rashin mita, ga farashin da bai kai kuɗin samarwa ba. A inda kaya suka yi ƙaranci, ba mai sayarwa ke neman mai saye ba.

Masu tsara gyaran sun san da haka, shi ya sa suka shata matakai. An ayyana shiga matakin wucin gadi a watan Fabrairun 2015, inda aka ce daga nan kwangila ce za ta riƙa hukunci tsakanin kamfanoni. Matakin da ya kamata ya biyo baya shi ne na ciniki kai tsaye a sari, sannan na ƙarshe wanda magidanci zai zaɓi mai sayar masa. Shekara goma bayan haka, ana kan bakin mataki na biyu ne kawai.

Inda kuɗin ke maƙalewa

Kusan kashi 80 cikin 100 na wutar babban layin ƙasa daga iskar gas ake samun ta. Mai gas yana sayar wa tashar samarwa, tashar ta tura wuta ta hannun TCN, kamfanin rarrabawa ya kai ta gidaje da masana'antu. Kuɗi kuma su biyo hanyar su dawo: daga mai amfani zuwa kamfanin rarrabawa, daga nan zuwa NBET, zuwa tasha, zuwa mai gas. Ƙofar shigar kuɗi ɗaya ce tak, ita ce hannun mai biyan bil. Idan wannan ƙofa ta toshe, kowa a sama ya ji a jikinsa.

Kuma ta toshe tun daga farko. Fiye da kashi ɗaya cikin uku na darajar wutar da ake ba kamfanonin rarrabawa ba ya dawowa a matsayin kuɗi. Wani ya zube a tsofaffin wayoyi da taransfomomin da aka ɗora wa kaya fiye da ƙima, wani an sace shi ta hanyar jona waya ta bayan mita, wani an rubuta bil ba a biya ba. A wasu kamfanonin Arewa asarar kan haura rabi. Kada a ɗauka talaka kaɗai ke ƙin biya. A watan Fabrairun 2024, kamfanin rarraba wuta na Abuja ya wallafa sunayen ma'aikatu da hukumomin gwamnati 86 da ya ce yana bin su sama da naira biliyan 47, kuma fadar shugaban ƙasa na cikin jerin. Gwamnatin da ke wa jama'a wa'azin biyan kuɗin wuta ya kamata ta fara da kanta.

Waɗanda suka sayi kamfanonin su ma suna da nasu laifin, kuma babba ne. Da yawansu ba su taɓa tafiyar da harkar lantarki ba, kuma kuɗin sayen bashi ne suka ciwo daga bankunan cikin gida, mafi yawa da dala. A 2013 dala ɗaya ba ta wuce naira 160 ba. A 2016 ta haura 300, a 2024 ta zarce 1,500. Wanda ya ci bashin dala yana karɓar naira, abin da ya tara sai ya tafi wajen banki, babu ragowar da za a sayi mita ko a sauya waya. Ƙarshenta bankunan suka zo karɓar kayansu. UBA ya karɓe kamfanin Abuja a ƙarshen 2021. A watan Yulin 2022 bankin Fidelity ya karɓe ragamar kamfanonin Kano da Benin da Kaduna, hukumar AMCON mai karɓar basukan bankuna kuma ta riƙe na Ibadan. A farkon 2024 NERC ta rushe hukumar gudanarwar kamfanin Kaduna kan bashin da ya kai kimanin naira biliyan 110. Na Yola tun a 2015 mai jarin ya ce rikicin Boko Haram ya hana shi aiki, ya mayar wa gwamnati kayanta, sai daga baya aka sake sayar da shi.

Sai kuma siyasa. An tsara cewa za a riƙa duba farashi lokaci zuwa lokaci gwargwadon canjin dala da hauhawar farashin kaya da kuɗin gas. Amma ana saura 'yan kwanaki a yi zaɓen 2015 aka sanar da rage kuɗin wuta. Aka ƙara a Fabrairun 2016, ƙungiyoyin ƙwadago suka fito, aka je kotu, daga nan farashi ya daskare har kusan ƙarshen 2020. Giɓin da ke tsakanin abin da aka yarda a karɓa da ainihin kuɗin samarwa, gwamnati ta ce ita za ta cike. Babban Bankin Najeriya ya ba da lamunin naira biliyan 213, a 2017 aka amince da wasu biliyan 701 don a riƙa biyan tashoshi. A 2024 kaɗai tallafin da ya hau kan gwamnati ya kusa naira tiriliyan 2, kuma mafi yawansa a takarda ya tsaya. A 2025 kamfanonin samarwa suna cewa bashin da suke bi ya kai kimanin tiriliyan 4.

Sakamakon a bayyane yake. Tashoshin da ke haɗe da babban layi suna da ƙarfin da ya kai kimanin megawat 13,000 a takarda, amma abin da ake rabawa a kullum yana yawo ne tsakanin 4,000 da 5,000, kuma mafi girman abin da aka taɓa turawa bai kai 6,000 ba. Tashar da ba a biya ta ba ba za ta biya mai gas ba, mai gas kuma ya gwammace ya sayar wa wanda zai ba shi dala. Kamfanin rarrabawa kan ƙi karɓar wutar da ya san zai kai ta unguwar da ba za a biya ba. TCN ya ce laifin masu rarrabawa ne, su kuma su ce layukan TCN ne ba sa iya ɗauka. A 2024 babban layin ya faɗi fiye da sau goma. Yarjejeniyar da aka ƙulla da kamfanin Siemens na Jamus a 2019 ta yi hasashen megawat 25,000 kafin ƙarshen 2025, ga inda muke.

Mita

Idan za a nuna abu guda da ya fi kowanne hana wannan kasuwa tashi, to mita ce. Kusan rabin masu rajista da kamfanonin rarrabawa ba su da ita. A kasuwar Dawanau ba wanda zai yarda ya sayi gero ba tare da an auna masa a tiya a gabansa ba, amma miliyoyin gidaje suna biyan kuɗin wutar da ba wanda ya auna. Ma'aikaci ya dubi gida ya kintata, a kawo takarda a ƙarshen wata, ko an sha wutar ko ba a sha ba. Wanda aka zalunta da bil ɗin ƙiyasi yakan ga satar wuta a matsayin ramuwa, wanda ya ga maƙwabcinsa na sata ba a yi masa komai ba shi ma ya daina biya. Haka amana ta mutu tsakanin kamfani da jama'a. Ƙari a kan haka, idan taransfoma ta ƙone, mutanen unguwa ne ke karo-karo su gyara ko su sayi sabuwa, da zarar an jona ta kuma ta zama kadarar kamfani.

An gwada dabaru. A 2018 aka shigo da kamfanoni masu zaman kansu su samar da mita, mai gida ya biya a riƙa mayar masa a hankali. A Fabrairun 2020 NERC ta sa iyaka kan abin da za a iya rubuta wa marar mita. A ƙarshen shekarar aka ƙaddamar da shirin raba mita kyauta da kuɗin Babban Banki. Kowanne ya taɓuka wani abu, amma sababbin gidaje na ƙaruwa, tsofaffin mitoci na mutuwa, giɓin bai rufe ba. Akwai kuma gaskiyar da ba a cika faɗa ba: kamfanin da ke samun kuɗi ta hanyar ƙiyasi ba ya gaggawar kawo abin da zai bayyana ainihin wutar da ya bayar.

Ranar 3 ga Afrilun 2024 aka ɗauki matakin da ya fi kowanne girgiza jama'a. Dama tun 2020 an kasa masu amfani gida biyar gwargwadon awannin da aka yi alkawarin ba su: rukunin A awa 20 a rana, B awa 16, C awa 12, D awa 8, E awa 4. A ranar aka cire tallafi daga rukunin da kowa ya sani da Band A, yunit ɗaya ya tashi daga kimanin naira 68 zuwa 225, daga baya ya sauko kusa da 209. Hujjar hukuma ita ce waɗannan mutane kimanin kashi 15 ne cikin 100 na masu amfani, amma su ke shan kusan kashi 40 na wutar, kuma tallafa wa mai na'urar sanyaya ɗaki biyar da kuɗin ƙasa ba adalci ba ne. Hujjar tana da ƙarfi, kuma ko a sabon farashin wutar gwamnati ta fi ta janareta araha nesa ba kusa ba.

Matsalar ita ce layi ake sa wa rukuni, ba mutum ba. Tela ko mai sayar da ruwan sanyi da shagonsa ya faɗo kan layi ɗaya da gidajen masu hali, farashinsu ɗaya. Jami'o'i da asibitocin koyarwa sun wayi gari bil ɗinsu ya ninka sau uku. Kuma tunda wutar ba ta ƙaru ba, cika wa Band A awa 20 yana nufin rage wa wasu. Kamfani zai kai kayansa inda riba take, unguwannin talakawa da ƙauyuka su samu abin da ya rage. Babu wanda ya zaɓi rukuninsa, babu wanda zai iya barinsa ya koma wani kamfani. Farashi ya zama na kasuwa, zaɓi bai zo ba.

Rabon Arewa

A ƙa'idar rabon wutar babban layi da aka daɗe ana aiki da ita, kamfanonin Ikeja da Eko, masu kula da Legas da kewayenta, suna da kashi 26 cikin 100. Kamfanonin Kano da Kaduna da Jos da Yola, waɗanda ke ɗauke da jihohi 15, gaba ɗayansu kashi 25 ne. Kamfanin Kano, mai Kano da Katsina da Jigawa, kashi 8 yake samu. A ranar da ƙasa ta samar da megawat 4,500, rabonsa 360 ke nan ga jihohi uku masu mutum sama da miliyan 25. Ana iya kawo dalilai, cewa Legas ta fi masana'antu kuma ta fi biya. Amma masana'antun Kano da na Kakuri a Kaduna, rashin wuta na cikin abin da ya durƙusar da su. Yankin da aka bar shi ba wuta ba zai tara masu biyan manyan bil ba, sannan a dawo a kafa hujja da rashin biyansa.

Kusan duk tashoshin gas suna Kudu, kusa da rijiyoyin. Manyan tashoshin ruwa, Kainji da Jebba da Shiroro da sabuwar Zungeru mai megawat 700, suna yankin Neja ne, amma wutarsu babban layi take shiga. Arewa mai nisa tana rataye ne da 'yan layuka ƙalilan masu ratsa dazuzzukan da tsaro ya taɓarɓare. Maiduguri ta ɗanɗana wannan tun Janairun 2021, lokacin da aka fasa turakun layin Damaturu, har sai da aka gina mata tashar gaggawa mai megawat 50 da aka buɗe a 2023. Maƙwabtanmu na Nijar, waɗanda a lokacin suke samun kusan kashi 70 cikin 100 na wutarsu daga Najeriya, sun ga nasu a watan Agustan 2023, lokacin da aka yanke musu bayan juyin mulki, aka bar Yamai da Maraɗi da Damagaram cikin ɗauke-ɗauke na tsawon watanni. Wanda duk wutarsa ke zuwa daga nesa ta waya ɗaya, rayuwarsa na hannun wani.

Abin takaicin shi ne damar da aka bari ta wuce. A 2016 kamfanoni 14 suka sa hannu da NBET kan gina tashoshin hasken rana masu jimillar megawat 1,125, mafi yawansu a jihohin Arewa irin su Katsina da Sakkwato da Jigawa da Bauchi. Aka shiga ja-in-ja kan farashi da kan lamunin da gwamnati za ta tsaya musu, shekaru suka shuɗe, ba a gina su ba. Masu jarin ba ƙarfin ranar Katsina suke shakka ba, shakkarsu ita ce wa zai biya su. Tashar Mambila mai megawat 3,050 ta ƙare a zauren sasanta rikici a Paris. Ta Kudenda a Kaduna mai megawat 215 ta shafe fiye da shekara goma ana jiran ta. Bututun gas na Ajaokuta zuwa Kaduna zuwa Kano, mai tsawon kilomita 614, wanda aka fara a 2020, shi ne zai iya kawo tashoshin gas kusa da masu buƙata, shi ma an sha ɗaga ranar kammala shi. Alhali tun 1929 kamfanin NESCO mai zaman kansa yake samar da wuta daga ruwan Kurra a tsaunukan Filato yana sayar wa masu haƙar kuza, kuma har yau yana aiki. Wutar 'yan kasuwa a Arewa ta girmi NEPA da shekara 43.

Ƙofar da aka buɗe a 2023

A watan Maris na 2023 Muhammadu Buhari ya sa hannu kan gyaran tsarin mulki da ya ba jihohi ikon samarwa da dako da rarraba wuta ko a wuraren da babban layi ya ratsa. A watan Yuni Bola Tinubu ya sa hannu kan sabuwar dokar lantarki da ta maye gurbin ta 2005. Yanzu jihar da ta yi dokarta ta kafa hukumarta tana iya karɓar ikon sa ido daga NERC, kamfanin rarrabawa kuma dole ya ware reshe na musamman don wannan jiha. Inugu da Ondo da Ekiti ne suka fara a Afrilun 2024, Legas da wasu suka biyo, a Arewa kuma Kogi da Neja da Filato na cikin na farko. A 2024 NERC ta ba da umarnin a fara karkata zuwa ciniki kai tsaye tsakanin tashoshi da masu rarrabawa, NBET ya ja baya a hankali. A 2025 aka cire aikin sarrafa babban layi da lissafin kasuwa daga TCN aka ba wata hukuma mai zaman kanta, NISO, don kada mai waya ya zama shi ne mai rabo.

Waɗannan matakai ne na gaske, kuma sun fi cinikin 2013 kusantar da ƙasar ga gasa. Misalin Aba ya nuna abin da zai yiwu. A can kamfanin Geometric na Farfesa Barth Nnaji ya gina tashar gas da layukansa don birnin da ƙananan hukumomin kewaye, aka buɗe a Fabrairun 2024 bayan kusan shekara 20 ana fama. Inugu kuma ta nuna iyakar abin. A Yulin 2025 hukumar jihar ta rage farashin Band A zuwa naira 160, tashoshin samarwa da NERC suka ce ba za ta saɓu ba, domin wutar daga babban layi take zuwa, kuma rangwamen ya dogara ne da tallafin tarayya da ba a biya ba. Jihar da ba ta samar da wutarta ba, ikonta kan farashi rabi ne.

Akwai haɗari ga Arewa a wannan sabon tsari, kuma ya kamata a faɗe shi tun da wuri. Legas tana da masu saye da za su ja hankalin kowane mai jari. Jigawa ko Yobe ko Zamfara, kowacce ita kaɗai, ba ta da su. Idan aka tsaga kamfanin Kano gida uku, kuɗin da masana'antun Chalawa ke biya ba za su ƙara tallafar layin da ke kai wuta ƙauyukan Gumel ba. Kafa hukumar sa ido kuma ba sa hannu a takarda ba ne kawai, tana buƙatar injiniyoyi da masana lissafin farashi da lauyoyi, da kuma gwamnan da zai haƙura ya bar su su yi aiki ko da zaɓe ya matso.

A gefe guda kuwa jama'a ba su jira kowa ba. Duk wanda ya zaga kasuwannin Kano ko Kaduna ya ga yadda faifan sola da batura suka cika shaguna. A kasuwar Sabon Gari tun 2018 aka fara sayar wa 'yan tireda wutar rana da mita. Masana'antu da manyan gidaje suna ficewa daga layin gwamnati ɗaya bayan ɗaya. Wannan ita ce gasar da ta fara cizon kamfanonin rarrabawa, sai dai masu ficewar su ne masu iya biya. Idan aka bari suka tafi duka, wayar za ta rage wa waɗanda ba su da halin sayen batir, kuma ba za a samu kuɗin gyara ta ba. Bankin Duniya ya ƙiyasta a 2021 cewa 'yan Najeriya miliyan 85 ba su haɗe da wutar ƙasa, kuma mafi yawansu a karkarar Arewa suke.

Dokar 2023 ta cire wa gwamnonin Arewa uzurin cewa wuta harkar Abuja ce. Jihohin da ke ƙarƙashin kamfani ɗaya, kamar Kano da Katsina da Jigawa, ko Kaduna da Zamfara da Sakkwato da Kebbi, su zauna su yi doka iri ɗaya da hukumar sa ido mai ƙarfi, don kasuwarsu ta yi girman da mai jari zai kalla. Su fara biyan bashin wutar ma'aikatunsu da gidajen ruwansu, su sa kuɗi a mita kafin su sa a bikin raba taransfoma, su tsaya wa tashoshin rana da ƙananan madatsu irin Tiga da Dadin Kowa lamunin da zai sa a gina su kusa da garuruwa, tallafi kuma a ba talaka shi a bayyane cikin kasafin kuɗi. Majalisun jihohi da ƙungiyoyin 'yan kasuwa da masu masana'antu su tambayi kowane gwamna ranar da zai kawo wannan doka, da kuma nawa ya ware mata.